Lambar yabo ko ambulan: wanne ya fi sa ma'aikaci ƙwazo?

Bakano_Mil12:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, musamman wurin waɗanda suke riƙe da ma'aikata. Ina kai wa otal-otal da gidajen abinci kayan gwari daga kasuwar Mil 12 da ke nan Legas zuwa Ikeja da Lekki. Akwai yara a hannuna: masu tsince tumatir da tattasai, 'yan lodi, direbobi, da yaron da ke riƙe mana lissafi. Bana Allah ya buɗa, na ware wani abu saboda ƙarshen shekara. Ɗana ya kawo shawarar a yi ɗan taro, a zaɓi gwarzon ma'aikaci, a kira shugaban sashenmu na kasuwa ya miƙa masa lambar yabo a gaban kowa. Ƙanena kuma, wanda muke harkar tare, ya ce ɓarnar kuɗi ce, a zuba wa kowa nasa a ambulan ya kama gabansa. Shin lambar yabo tana sa mutum ƙara himma da gaske, ko kuwa kuɗi ne kaɗai ke aiki?

Direban_Apapa:
Wa'alaikumussalam. Alhaji, ba su kuɗinsu. Wanda ke biyan hayar ɗaki a Ketu, yana aika wa iyali na cefane a gida, ba allon katako mai rubutu yake buƙata ba. Na taɓa tuƙin tirela a wani kamfani, aka ba ni takardar direban da ya fi kowa kula da mota, aka ɗauke mu hoto da manaja. A wannan watan ba a biya mu kuɗin hanya ba. Takardar tana ƙasan akwati har yau, ko firem ban saka ta ba, don da na gan ta kuɗin hanyar nan nake tunawa.

Ummu_Khalil:
Yaya Direba, abin da aka yi maka zalunci ne, ba laifin takarda ba ne. Ni malamar Islamiyya ce a Idi-Araba, kuma abin da ake ba mu a wata bai kai na motar haya ba in mutum daga nesa yake zuwa. Amma ranar saukar ɗalibai, wata uwa ta karɓi lasifika ta ambaci sunana, ta ce 'yarta ta zo ba ta iya haɗa baƙi ba, ga ta yau ta sauke. Aka miƙo mini takarda da turmin atamfa. Atamfar ta daɗe da koɗewa. Maganar matar nan kuwa ita ce ta hana ni barin koyarwa lokacin da aka yi mini tayin aikin shago mai albashi ninki biyu.

Dalibi_Akoka:
Baba Alhaji, wannan tambayar masana tattalin arziki sun daɗe a kanta. Akwai wani masani ɗan ƙasar Suwizalan, Bruno Frey, wanda shi da Jana Gallus suka fitar da littafi a 2017 a kan karramawa da kuɗi. Abin da suke nunawa shi ne, lambar yabo tana da araha ga mai bayarwa amma tana da tsada a wurin mai karɓa, kuma tana yin abin da kuɗi ba ya iyawa ta fuska uku. Ana ba da ita a bainar jama'a, shi kuwa albashi sirri ne. Tana iya saka wa abin da ba ya aunuwa, kamar amana da haƙuri da abokan aiki. Sannan tana ƙulla alaƙa, don wanda ya karɓi karramawarka da wuya ya fita yana zaginka.

An kuma gwada a aikace, a nan Afirka ma. A Lusaka ta Zambiya an ɗauki masu gyaran gashi da masu aski su riƙa sayar wa abokan cinikinsu kayan kariya daga cutar ƙanjamau. Aka raba su rukuni-rukuni: wasu aikin sa kai, wasu ana ba su ƙaramin kamasho, wasu babban kamasho, wasu kuma ba ko sisi, sai dai a manna musu tauraro a wani allo da ke rataye a shagonsu duk lokacin da suka sayar. Bayan shekara guda, masu tauraro sun sayar da ninki biyu na kowane rukuni. An wallafa binciken a 2014.

Direban_Apapa:
Ɗan makaranta, nawa ne kamashon? Ka faɗa mana wannan tukuna.

Dalibi_Akoka:
Kaɗan ne, Yaya, don kayan kansu masu arha ne ƙwarai. Kuma sana'arsu ta aski da kitso ita ke ciyar da su, wannan ƙari ne a gefe. Saboda haka binciken bai ce tauraro zai maye gurbin albashi ba. Abin da ya nuna, in ciki ya riga ya samu, yabo na iya motsa mutum fiye da ɗan canjin da ba zai sauya masa komai ba.

Baba_AlabaRago:
Yara, abin da kuke nemowa a Zambiya yana nan a gidanku. Me ake nufi da sarauta? Sarkin Fawa, Sarkin Zango, Sarkin Dillalai, Sarkin Aska. Ba albashi ake bi ba. Amma ranar da aka naɗa wa mutum rawani, ranar ya zama shi ne zai fara isowa in rigima ta tashi a kara, shi zai kwana a ofishin 'yan sanda don belin yaron da bai ma san sunan ubansa ba. Na ga dillalin da ya yi shekaru yana wasa da la'adar mutane, da aka naɗa shi wakili ya daina, saboda kunyar rawanin. Ku duba manya ma. Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya ba Ahmadu Bello sarautar Sardauna a 1938, bayan su biyun sun nemi gadon sarautar Sarkin Musulmi. Yau in ka ce Sardauna, ko yaro ya san wa kake nufi. Haka Maitama Sule, Ɗan Masanin Kano, sarautar ta haɗiye sunan. Kuma ku lura, attajiri yakan kashe dukiya mai yawa a bikin naɗi, da dawakai da makaɗa da saukar baƙi. In girma ba shi da daraja a wurin ɗan Adam, me zai sa mai neman riba ya yi haka?

Bazazzagiya:
Allah ya ƙara girma Baba. Sai dai wannan misalin na ƙarshe shi ne ma yake damuna. In attajiri na iya kashe kuɗi ya samu, to talaka mai amana fa?

Hajiya_Agege:
'Yar'uwa kin taɓo inda yake yi mini ƙaiƙayi. Ina sayar da leshi da shadda. Wata rana wasu samari biyu suka shigo shago da kwat da wasiƙa mai tambarin zinariya, wai ƙungiyarsu ta zaɓe ni gwarzuwar 'yar kasuwa ta shekara, za a yi biki a wani otal a Ikeja. Raina ya yi fari, har na sa aka kawo musu lemo. Da na karanta shafi na biyu sai na ga kuɗin teburi, kuɗin shiga mujalla, kuɗin ɗaukar hoto. Na tambaye su wa ya ba da sunana, kuma da me na fi sauran matan layinmu. Suka kalli juna. Washegari na ji maƙwabciyata ma an kai mata irin wasiƙar, ita ma gwarzuwar shekara. Wannan kasuwanci ne, suna sayar da allo ne kawai. Abin baƙin ciki, akwai masu saye, su rataye a falo.

Lauya_Obalende:
Abin da Hajiya ta faɗa shi ne ciwon dukkan tsarin karramawa: da an yawaita ta, ko an sa mata farashi, darajarta ta faɗi, kamar yadda naira ke faɗuwa in aka buga ta babu lissafi. Ba a kanmu aka fara ba. Sarki James na Ɗaya na Ingila ya ƙirƙiro wata sarauta ta gado a 1611 yana sayar da ita fam 1,095 don ya tara kuɗin sojoji. A zamanin firaminista Lloyd George cinikin lambobi ya yi ƙamari, har majalisarsu ta yi doka a 1925 ta mai da shi laifi.

Namu tsarin na ƙasa ya samo asali daga dokar 1964. Jeri biyu ne na lambobi, na Tarayya da na Neja, kowanne daga babba zuwa ƙarama: GCFR, CFR, OFR, MFR a ɗaya ɓangaren, GCON, CON, OON, MON a ɗayan. Lambar ita kanta ba ta zuwa da albashi, amma ku ga yadda ake kamun ƙafa a kanta. Kuma ƙin karɓa ma magana ce. Chinua Achebe ya ƙi CFR a 2004 zamanin Obasanjo, ya sake ƙi a 2011 zamanin Jonathan. Gani Fawehinmi ya ƙi OFR a 2008. Kuɗi ana iya karɓarsa a hannun wanda ba a girmamawa, a ce haƙƙi ne. Lamba kuwa in ka karɓa ka amince da mai bayarwa. Shi ya sa darajarta ba ta wuce mutuncin hannun da ya miƙa ta. Su ma jami'o'i sai da shugabanninsu suka zauna a Keffi a 2012 suka gindaya ƙa'idojin ba da digirin girmamawa, saboda yadda abin ya zama na masu mulki da masu kuɗi.

Sani_Ojota:
To ai shi ke nan. Lambar ƙasa ta gwamnoni da ministoci da attajirai ce. Talaka ba ya ciki.

Lauya_Obalende:
Su suka fi yawa, wannan gaskiya ne, amma ba su kaɗai ba ne, Malam Sani. A jerin 2022 akwai Liman Abdullahi Abubakar na yankin Barikin Ladi, wanda ya ɓoye ɗaruruwan Kiristoci a masallaci da gidansa lokacin harin 2018. An ba shi MON. A jerin dai akwai mai shara a filin jirgin Murtala Muhammad na nan Legas da ta tsinci daloli ta mayar, da wani mai gadin banki da shi ma ya mayar da kuɗin da ya tsinta.

Maigadi_Lekki:
Wannan na mai gadin na ji shi a rediyo ina bakin get. Wallahi sai da na ji kamar ni aka ba. Mu masu gadi in abu ya ɓace mu ake fara kamawa, in an yi shekara lafiya ba mai cewa sannu. Ina so in faɗa wa Alhaji mai tambaya abu ɗaya. Maigidana na farko da zai koma ƙasarsu ya rubuta mini takarda cewa ni mai amana ne, ya sa hannu ya sa lambar wayarsa. Da takardar nan na samu aikin da nake yi yanzu, an ɗauke ni an bar waɗanda suka fi ni karatu. Kuɗin sallamar da ya ba ni a hanyar gida suka ƙare. Don haka kada a raina takarda. Amma a rubuta abin da mutum ya yi, a sa suna da lambar da za a kira a tabbatar.

Malam_IdiAraba:
Bismillah. Abu biyu ne bai kamata a cakuɗa su ba, haƙƙi da ihsani. Ladan ma'aikaci haƙƙi ne, kuma hadisi ya zo cewa a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Wanda ya riƙe haƙƙi ya ba da takarda, kamar yadda aka yi wa ɗan'uwanmu direba, bai karrama kowa ba. Bayan an sauke haƙƙi, yaba wa mai kirki yana da asali. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kira Khalid ɗan Walid takobin Allah, ya kira Abu Ubaida amintaccen wannan al'umma, kuma ya ce wanda bai gode wa mutane ba bai gode wa Allah ba. Abin da aka hana shi ne yabon ƙarya da wuce iyaka, har aka ce a watsa wa masu irin wannan yabon ƙasa a fuska. Sannan mai karɓa ya kula da zuciyarsa, kada aikin ya koma don a gani. Mu da muke shirya musabaƙa muna ganin duka biyun. Akwai yaron da kyauta ta zaburar da shi ya haddace, akwai kuma wanda da ya faɗi a zagayen farko ya ajiye tilawa gaba ɗaya, don dama kujerar Makka yake hange.

Nas_Mushin:
Allah ya gafarta Malam, wannan yaron na biyu shi ne abin da nake so Alhaji ya yi tunani a kai. Kowa yana maganar wanda aka ba, ba a maganar waɗanda aka hana. A asibitin da na yi aiki a baya an ɓullo da ma'aikacin wata, ana liƙa hoto a bakin ƙofa. Wata na farko kowa ya yi murna. Da aka ga masu aikin safe ne kullum suke ci, saboda su shugabanni ke gani, sai masu kwana suka yi sanyi. Akwai wata babbar nas da takan tsaya bayan lokacin tashinta ta taya sababbi saka ruwa ga jarirai, don jijiyarsu tana da wuyar samu. Ba a taɓa sa hotonta ba. Ba ta ce komai ba, amma ta koma tashi a kan lokaci. Mutum ɗaya aka faranta wa, aka ɓata wa goma.

Dalibi_Akoka:
Anti, an samu irin wannan a bincike. A wani kamfanin wanki da guga a Amurka an sa kyauta ga wanda bai yi latti ko fashi ba a wata. Masu latti suka gyara na ɗan lokaci, wasu kuma suka koyi dabara, in sun ga za su makara sai su kira su ce ba su da lafiya don kada su fita daga gasar. Mafi muni, waɗanda dama can suke zuwa a kan lokaci ba tare da an roƙe su ba, aikinsu ya ragu. Sun ga ana saka wa mutane a kan abin da su suka daɗe suna yi kyauta.

Golan_Agege:
Ku bar ni in kawo ta ƙwallo. 'Yan wasan Najeriya da suka ci kofin Afirka a Tunisiya a 1994 an yi musu alkawarin gidaje, amma da yawansu sai a 2021 aka amince a ba su, lokacin Rashidi Yekini da Stephen Keshi sun riga sun rasu. Yaran da suka ci kofin duniya na matasa a Sin a 1985 sai a 2016 aka ba su naira miliyan bibbiyu. Mutumin da ya zana tutar ƙasar nan, Taiwo Akinkunmi, fam 100 aka ba shi a lokacin, sai a 2014 aka tuna da shi da OFR. Da matanmu suka ci kofi a Maroko a 2025 an sanar da OON da dala 100,000 da gida ga kowace 'yar wasa, an haɗa biyun ke nan. Ni abin da na fahimta, karramawar da ta makara ko alkawarin da ba a cika ba ya fi rashin yi ciwo.

Bazazzagiya:
Kuma da aka sanar da na 'yan ƙwallon, malaman makaranta da 'yan sandan da suka yi ritaya sun yi ta ƙorafi a Facebook. Maganar Anti Nas ce dai ta dawo, waɗanda aka tsallake suna kallo.

Bakano_Mil12:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, ina bin kowace magana. Don a sani, ba na riƙe wa kowa ko kwabo, duk Asabar ake sallamar 'yan lodi, direbobi kuma ƙarshen wata. Matsalata yanzu ita ce wadda Nas ta faɗa. In ƙwazo za a duba, akwai wani yaro ɗan Jigawa da yake isa kasuwa tun kafin asuba, shi yake buɗe kwanduna ya ware ruɓaɓɓe kafin rana ta taɓa kayan. Amma akwai dattijon direba da muka fara harkar nan tare, wanda ya taɓa dawo mini da kuɗin da wani otal ya biya sau biyu bisa kuskure, ni ban ma sani ba. In na ɗaga yaron a gaban dattijon, na san abin da zai ji. In na ba dattijon, yara za su ce dama na gida ne.

Hajiya_Agege:
Alhaji, to ka ba su duka biyun mana, kowa da dalilinsa. Ɗaya ta himma, ɗaya ta amana.

Lauya_Obalende:
Biyu ba laifi, Hajiya. Amma ya tsaya a nan. In ya ce kowa sai ya samu don kada a ji haushi, an koma gidan wasiƙar da aka kawo miki. Kuma ya faɗi dalilin a fili, da ranar da abin ya faru, yadda ba mai iya musu.

Baba_AlabaRago:
Ni da zan ba ka shawara, Alhaji, kada ka haɗa dattijo da yaro a layi ɗaya. Dattijon ba allo yake so ba. Ka ba shi matsayi. Ka tara direbobi ka ce daga yau shi ne babbansu, ba a ɗaukar sabon direba sai ya gwada shi ya amince. Ka ɗinka masa babbar riga ka kai masa har gida, a gaban iyalinsa. Yaron kuma a yaba masa a kasuwa cikin sa'o'insa, a ƙara masa wani abu.

Direban_Apapa:
Baba, in an ba shi shugabancin direbobi an ƙara masa aiki ke nan. Za a ƙara albashi ko kuwa rigar ce ladan? Abin da nake gudu ke nan tun farko. A 2024 gwamnatin tarayya ta sa mafi ƙarancin albashi naira 70,000, Legas ta ce 85,000 ga ma'aikatanta, kuma duk wanda ke zaune a garin nan ya san ko wannan ba ya kai mutum ƙarshen wata. Ina jin maganar Maigadi, takardarsa ta yi masa rana, ban musa ba. Amma mai gida ya fi samun sauƙin yabo a kan ƙari, shi ya sa nake sa ido.

Ummu_Khalil:
Yaya Direba, ai Alhaji bai ce zai fasa ambulan ba. Ni dai roƙona, ko nawa za a raba, kada a miƙa shi a bakin mota kamar ana biyan bashi. A zauna, a ci abinci tare, a kira sunan kowa a faɗi abu ɗaya na kirki da ya yi a shekarar. Wannan ba ya cin ko sisi.

Nas_Mushin:
Wa zai yi zaɓen ma tukuna? In Alhaji da ƙanensa ne kaɗai, su ma abin da idonsu ya gani za su duba. Masu tsince kaya da asuba sun san wanda yake aiki da wanda yake fakewa bayan kwanduna. A tambaye su ɗaya bayan ɗaya, a asirce.

Sani_Ojota:
In aka ba yara zaɓe, 'yan gari ɗaya za su haɗa kai su zaɓi nasu. Na ga an yi haka a ƙungiyarmu ta masu Keke, 'yan jiha ɗaya suka fi yawa, shekara uku a jere nasu ne yake ci. Alhaji, yaranka 'yan ina da ina ne?